Zanen da ba siffa a cikinsa: natsuwa ce ta gaske, ko dabarar masu sayarwa?

Gardamamme: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu shirya nunin zane-zane a 'yan shekarun nan, ni kuwa ta fara gundurata. Duk inda aka rataye farin ƙyalle mai layi biyu ko uku, ko wani baƙi ƙirin da ba ka ganin komai a cikinsa, sai a manna 'yar takarda a gefe a ce wai aikin yana kiran mai kallo ya tsagaita, ya natsu, ya bar gaggawar zamani. Ni cewa nake babu wata natsuwa a jikin fenti. Ɗakin ne shiru, an ajiye benci, an rage fitila, ba a ɗaga murya. Ko bangon da ba komai ka zauna kana kallo a irin wannan ɗaki, ranka zai kwanta. Ko dai a nuna mini abin da zanen ya ƙara, ko mu yarda magana ce aka ƙirƙiro don a sayar da aikin da ba a sha wahalarsa ba. Ina masu zane? Bismillah.

Maiburushi: Wa alaikumus salam. Malam, "aikin da ba a sha wahalarsa ba" ɗin nan ita ta tsone mini ido. Ka duba yadda Agnes Martin take aiki. A Kanada aka haife ta a 1912, ta rasu a 2004. Ƙyallenta ƙafa shida ne tsawo, ƙafa shida faɗi, sai da tsufa ya kama ta ta rage zuwa biyar. Kafin ta taɓa ƙyallen sai ta cika takarda da lissafin tazarar layuka. Sannan ta ɗauki fensir da gajeren rula ta riƙa jan layi kaɗan-kaɗan, tana matsar da rular, har ƙyallen ya cika da ɗaruruwan ƙananan gidaje. In ta ja baya ta ga abin bai zauna ba, lalata shi take yi ta sake sabo. Ni da nake zane na san abin da hannu yake yi in layuka sun yi yawa: ya fara rawa, kafaɗa ta ƙage, zuciya ta ce yi maza ka gama. Wanda ya biye wa zuciyar, layinsa zai tona masa asiri. Rashin saurin nan yana kwance a jikin ƙyallen, kuma ido yana karanta shi.

Gardamamme: To, a ce ta sha wahala. Wahalar mai aiki daban, abin da ya iso ga mai kallo daban. Ni a kan mai kallo nake magana.

Zulai_93: Ni dai na buɗe hoton aikinta yanzu a waya, wallahi fari kawai na gani. Na ɗauka ma intanet ce ba ta gama buɗe shi ba.

Ummu_Hanan: Zulai ƙanwata, ba laifin wayarki ba ne. Aikin Martin yana cikin waɗanda hoto ya fi cuta. In kin tsaya dab da shi, layin fensir za ki gani, da inda ya yi tsalle a kan saƙar ƙyallen, da inda ta ɗaga hannu ta ci gaba. In kin ja baya taku uku ko huɗu, layukan sai su narke su zama kamar hazo. In kin ƙara ja, sai ya koma faffaɗan abu mai launi guda. Abu uku ke nan a ƙyalle ɗaya, kuma ba za ki same su ba sai kin taka da ƙafarki kin je kin dawo. Waya guda ɗaya take ba ki, kuma mafi raunin cikinsu. Malam Gardamamme, ga amsarka ta farko: bango ba ya canzawa in ka matsa kusa da shi. Wani abu kuma, ƙyallen nata murabba'i ne cif, amma gidajen da ke ciki ba murabba'i ba ne, suna da ɗan tsawo ko ɗan faɗi. Da gangan ta yi haka, ita da kanta ta bayyana cewa tana so ne ta rage wa murabba'in nauyi. Wannan ba abin da za a lura da shi a wucewa ba ne.

Ɗan_Lissafi: Bari in kawo adadi, tunda ana maganar wucewa. A 2001 Jeffrey Smith da Lisa Smith sun tsaya da agogo a gidan nunin zane na Metropolitan da ke New York suna auna tsawon lokacin da mutane ke yi a gaban shahararrun zane-zane. Matsakaicin da suka samu daƙiƙa 27 ne da ɗoriya. Aka sake gwajin a Art Institute na Chicago, aka wallafa a 2017, ya fito daƙiƙa 28 da rabi ko kusa da haka. Ku lura, 2001 babu wayar shafa-shafa a hannun kowa. Wato masu cewa waya ce ta ɓata mana ido su rage murya, dama can haka muke.

Sarkin_Raha: Daƙiƙa 27 ai an yi ƙoƙari. Rabinsu ma wajen karanta 'yar takardar gefe suka tafi.

Likitan_Ido: Jama'a, a bar ni in shigo ta ɓangarena, domin wani sashe na wannan gardama ba na ra'ayi ba ne, na halittar ido ne. Ɗauki baƙaƙen zanen Ad Reinhardt, waɗanda ya duƙufa a kansu daga 1960 har ya rasu a 1967. Kowanne ƙafa biyar da biyar. Wanda ya shigo ya kalla zai rantse baƙi ne zalla. Alhali an raba ƙyallen gida tara, uku-uku, wani baƙin ya karkata zuwa ja, wani zuwa shuɗi, wani zuwa kore. Bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har sai ido ya saba da duhun wurin kafin ya fara rarrabewa. Kuma sabon nan ba da umarninka yake faruwa ba. Ƙwayoyin da ke ganin launi suna ɗaukar mintoci kafin su daidaita, masu ganin duhu kuwa sukan kai minti 20 zuwa 30 kafin su cika ƙarfinsu. Reinhardt har man da ke cikin fentin yake tsamewa don kada ƙyallen ya yi sheƙi ya dawo maka da hasken ɗaki. Saboda haka mai daƙiƙa 27 bai ga zanen ba sam, ba wai ya gani bai fahimta ba. Akwai kuma abin da wani likita ɗan Suwizalan, Troxler, ya bayyana tun 1804: in ka kafa ido a wuri guda ba ka motsa shi ba, duk abin da ke gefe mai dishi-dishin baki sai ya fara ɓacewa, ka motsa ido ya dawo. Gefunan launin da ke zanen Mark Rothko, mai zanen Amurka, haka suke, ba su da kaifi. Shi ya sa mutane ke cewa suna ganin launin yana numfashi. Ba aljanu ba ne, idonsu ne.

Gardamamme: Madalla Dokta, ka taimake ni ba ka sani ba. Ashe wasa da ido ne. To me ya kawo maganar ruhi da kwanciyar rai da ake cika mu da ita?

Likitan_Ido: A'a Malam, kada ka ja ni gefenka. Ka ce a nuna maka abin da zanen ya ƙara a kan bango, na nuna maka. Abin da mutum yake ji a ransa cikin mintocin da yake jiran idonsa, wannan ba fannina ba ne.

Baba_Dattijo: 'Ya'yana, sannunku da muhawara. Na zauna a ɗakin Rothko da ke Houston a jihar Texas, wanda John da Dominique de Menil suka gina, aka buɗe a 1971. Gini ne mai kusurwa takwas, zane 14 a jikin bango, duk duhu, baƙi da shunayya mai duhu. Haske daga rufi yake saukowa, saboda haka in girgije ya gifta sai dukan ɗakin ya canza. Abin da zan gaya muku shi ne, ban sami kwanciyar rai a wurin ba. Da fari haushi ma na ji, sai gundura, sai kuma wani nauyi a ƙirji. Mutane biyu sun shigo sun fita kafin in gyara zama. Wata mata a gefena kuka take yi a hankali. Ban fita da farin ciki ba, amma na daɗe, kuma ba wanda ya riƙe ni. Shi ya sa nake ganin masu rubuta takardun gefen nan suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tsayawa cak daban, jin daɗi daban. Shi Rothko bai taɓa yarda a kira aikinsa abin kwantar da hankali ba. Ya sha faɗin cewa abin da ya dame shi shi ne manyan al'amuran zuciyar ɗan Adam, baƙin ciki da shauƙi da halaka. Kuma ku tuna bai ga buɗe ɗakin ba, ya kashe kansa a watan Fabrairun 1970.

Ummu_Hanan: Allah ya ƙara girma Baba. Kuma a ranar da ya mutu ne zane-zanen da ya bai wa gidan nunin Tate suka isa Landan. Waɗannan asalinsu na wani babban gidan cin abinci ne a ginin Seagram na New York, an ba shi aikin a 1958. Daga baya ya fasa, ya mayar da kuɗin, don bai ga yadda za a kalli aikinsa ana hira ana ƙarar cokula ba. Wato shi ma ya san ɗaki yana da nasa rabon. A nan kam Malam Gardamamme yana da gaskiya kaɗan.

Gardamamme: Kaɗan? Hajiya, mutumin da kansa yake tsara tsayin da za a rataye zanen, da ƙarfin fitila, har da cewa a tsaya inci 18 daga ƙyallen. In sai an yi duk wannan kafin abin ya yi aiki, ai ɗakin ne gwanin.

Maiburushi: In haka ne, a rataye kowane tsumma a wannan tsayin, a wannan hasken, mu gani.

Gardamamme: An yi ai! Gidan sayar da zane na Knoedler a New York, wanda ya haura shekara 160 yana aiki, ya rufe a 2011 saboda an gano ya daɗe yana sayar da jabun Rothko da Pollock da wasunsu. Wani mai zane ɗan China ne yake yin su a gidansa a unguwar Queens. Kuɗin da aka karɓa ya kai wajen dala miliyan 80. Masana sun tsaya a gabansu sun yaba. Masu kuɗin da suka saya sun rataye a gida, na tabbata sun yi ta samun natsuwa a gabansu har ranar da aka gaya musu jabu ne. Ina natsuwar ta tafi daga ranar?

Sarkin_Raha: Ta bi lauyoyi kotu.

Ɗan_Lissafi: Wannan hujja ba ta kai inda kake so ba Malam. Mutumin Queens ƙwararren mai zane ne da ya zauna ya koyi yadda Rothko ke jera siraran shafe ɗaya a kan ɗaya. Jabun ya nuna ana iya kwaikwayon dabarar, bai nuna babu dabara ba. Kuma akwai gwajin da Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner suka wallafa a 2011: suka jera aikin ƙwararrun masu zane marar siffa gefe da gefe da na yara ƙanana da birai da giwaye, suka ce a zaɓa. Mutane sun fi zaɓen na ƙwararrun, tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, wani lokaci ko da an sauya sunayen da gangan. Ba ɗari bisa ɗari ba ne, na sani, amma ya wuce cankar sa'a.

Gardamamme: Wato sau uku ko huɗu cikin goma biri ya ci gasa. Na gode.

Kubura_A: Tun ɗazu Amurka kawai ake ambata, alhali in ana maganar sannu-sannu a zanen wannan zamani, Koriya ta Kudu ce gidan abin. Akwai tafiyar da ake kira Dansaekhwa, ta masu launi guda, da ta yi ƙarfi a shekarun 1970. Park Seo-bo, wanda ya rasu a 2023, yana shafa farin fenti, tun bai bushe ba ya bi shi da fensir yana jan layi a karkace, ya sake shafawa ya sake ja. Ya ce daga ɗansa ƙarami ya samo abin, da ya ga yaron yana fama ya rubuta harafi cikin gidan littafin rubutu, ya kasa, ya fusata ya cakuɗe shafin. Ha Chong-hyun shi kuma ba ya ma shafa fenti ta gaba. Algarara yake shimfiɗawa, ya tura fenti mai kauri ta baya har ya ɓullo ta ramukan saƙar, tun 1974 yake wannan. Lee Ufan, haifaffen 1936, zai tsoma burushi sau ɗaya ya ja layi daga sama zuwa ƙasa har fentin ya ƙare a hanya, sannan ya fara na gaba. Kana kallon layin kana ganin lokacin da ya ɗauka, daga cikarsa zuwa ƙarewarsa. A ayyukansa na baya-bayan nan shafa ɗaya tak ko biyu ce a faffaɗan ƙyalle, sauran a bar shi fari. Yana da gidan nuni nasa a tsibirin Naoshima na Japan, Tadao Ando ya tsara ginin, an buɗe a 2010. A wurin waɗannan mutane maimaitawar ita ce aikin, ƙyallen shaida ce kawai cewa an yi.

Mai_Tambaya: Yaya Kubura, shekarun 1970 ai lokacin mulkin Park Chung-hee ne, ana kama mutane ana ɗaurewa. Mutum ya shige ɗaki yana jan farin layi a kan fari a irin wannan lokaci, natsuwa za a kira shi ko kau da kai?

Kubura_A: Tambayar da 'yan ƙasarsu suka yi musu ke nan. A shekarun 1980 matasan tafiyar Minjung, masu zana manoma da ma'aikata da zanga-zanga, sun zarge su da yin shiru lokacin da ya kamata a yi magana. Ni ban ce zargin ba shi da tushe ba. Amma ka duba Yun Hyong-keun. An tsare shi fiye da sau ɗaya, ciki har da 1973, bayan ya tona wani maguɗi na shigar da ɗaliba a makarantar da yake koyarwa. Bayan fitowarsa ne ya koma launi biyu kacal, ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi, yana haɗa su ya tsinka, ya shafa ginshiƙai a kan ɗanyen ƙyalle, ya bari su tsotse, ya sake shafawa har su yi kusan baƙi. Bayan kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a birnin Gwangju a 1980, ginshiƙan da kullum suke tsaye sai ga su sun karkace suna faɗuwa a kan juna. Wanda ya san aikinsa ya ji ihun. Maganar Baba ce ta dawo: ba duk shiru ne na jin daɗi ba.

Gardamamme: Wanda ya san aikinsa, in ji ki. Wato sai an ba ka labari tukuna. Kuma ki ƙara da cewa shekara da shekaru ba wanda ya damu da su a waje, sai wajen 2014 da 2015 da dillalai suka gano su, farashi ya yi tashin gwauron zabo, nan da nan kowa ya zama masanin natsuwar Gabas.

Kubura_A: Sun yi shekara 40 suna yi kafin dillalan su zo. Wa suke yaudara a lokacin?

Shugaban_Zaure: A riƙa sassautawa jama'a, muhawara ce ba faɗa ba. Sannan wanda zai saka hoto ya rubuta sunan mai aikin da shekarar.

Bintalle: Ni malamar makaranta ce, ba mai zane ba. Akwai wata farfesa a Harvard, Jennifer Roberts, da take sa ɗalibanta su zauna awa uku cur a gaban zane guda kafin su buɗe wani littafi a kansa. Na gwada ƙaramin abin da ɗalibaina, minti goma kawai, da babban bugun wani aikin Nasreen Mohamedi. Ita a Karachi aka haife ta a 1937, ta koyar a Baroda ta Indiya, ta rasu a 1990. Tawada da fensir ne a takarda, siraran layuka da kayan awon masu tsara gini, kuma ta ci gaba da jansu daidai ko da ciwon jijiya ya fara karɓe mata jiki. Mintocin farko yaran sai motsi da dariya. Can wani ya ce layukan ba tazara ɗaya ba ne. Wata ta ce suna matsewa kamar abu na tahowa daga nesa. Daga nan sai gardama ta kaure a kan ko zanen a tsaye yake ko tafiya yake yi. Ban ce sun natsu ba, hasali ma surutu ya ƙaru. Amma sun ga abin da ba su gani ba da farko.

Gardamamme: Malama Bintalle, misalin da ita Roberts ɗin ta bayar da kanta ai ba marar siffa ba ne. Zanen Copley ne na 1765, yaro da kurege, inda ta ce sai da ta yi minti tara kafin ta lura cewa siffar kunnen yaron ta yi daidai da ta gashin cikin kuregen. Haka ranar kallon zane a hankali da Phil Terry ya kafa a 2010, wadda ake yi duk watan Afrilu, zane biyar minti goma-goma, ba su ce sai marar siffa ba. Kowane zane ka ba shi lokaci zai biya ka. To me ya sa waɗannan suka mayar da natsuwa gadonsu?

Ummu_Hanan: Wannan ita ce tambayarka mafi kyau tun da ka fara. Bambancin a ganina shi ne, zanen yaro da kurege yana sallamarka da wuri in kana so. Ka ga yaro, ka ga kurege, ka samu abin faɗa, ka wuce ba ka ji an cuce ka ba. Reinhardt ko Martin ba su da wannan guzurin na mai sauri. Ko ka tsaya ka samu, ko ka wuce hannu rabbana. Shi ya sa suke ba mutane haushi fiye da kowane irin zane. A 1986 wani ya shiga gidan nunin Stedelijk a Amsterdam ya yayyanka wani ƙaton jan zanen Barnett Newman da wuƙa. A 2012 wani ya yi rubutu da baƙar tawada a jikin ɗaya daga cikin na Rothko a Tate Modern, aka shafe wata 18 ana gyara. Da bango ne kawai, ba wanda zai ɗauko masa wuƙa.

Ɗan_Lissafi: Ba a ambaci wanda ya fi kowa ba ni tsoro ba, Roman Opalka ɗan Poland. A 1965 ya ɗauki ƙaramin burushi ya rubuta 1 a kusurwar ƙyalle, ya ci gaba da 2, 3, 4. In ƙyalle ya cika ya ɗauko wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Bai sake wani aiki ba har ya mutu a 2011, ya wuce miliyan biyar da rabi. Daga farkon shekarun 1970 kowane sabon ƙyalle yana ƙara wa ruwan tokar bayansa fari kashi ɗaya cikin ɗari, lambobin kuwa da fari yake rubuta su, saboda haka a ƙarshen rayuwarsa fari yake rubutawa a kan fari. Yana kuma ɗaukar hoton fuskarsa bayan aikin yini. Daga nesa ba ka ganin lamba ko ɗaya, sai wani abu kamar yayyafi.

Zulai_93: Shekara 46 yana ƙirga?? Innalillahi. Wannan kam ban san ko burge ni ya yi ko tausayi ya ba ni ba.

Sarkin_Raha: Sannu ba ta hana zuwa aka ce, amma shi ina za shi?

Mai_Tambaya: Ba mu da namu ne a nahiyar nan? Duk wanda na sani aikinsa cike yake da motsi, kamar Julie Mehretu, haifaffiyar Addis Ababa, da ƙyallenta kamar guguwa.

Baba_Dattijo: Akwai Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, wanda Tate Modern ta yi wa babban nuni a 2013. An ɗaure shi a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba, wata shida da ɗoriya, yana zane a ɓoye a kan guntayen takarda. Cikin ayyukansa na tsufa akwai jerin da ya gina a kan itacen gawo da ke bakin Nilu, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke kore, ya yi ganye da rani. A wasu daga ciki ba reshe ba ganye, sai ginshiƙi guda a tsakiya da siraran layuka a jere da tawada mai launi. Ba ya ihu, amma ba za ka ce ba ya faɗin komai ba. Sannan Mehretu da ka ambata, ɗana, ita ma cin lokaci take yi. Shafe ne a kan shafe, in ba ka daɗe ba ba za ka ga na ƙasan ba. Ba dole sai zane ya yi shiru kafin ya tsayar da mutum ba.

Gardamamme: Baba ranka ya daɗe, wannan jimla taka ta ƙarshe ai ita nake faɗa tun farko. In mai hayaniya ma yana tsayar da mutum, to natsuwar daga mai kallo take. Abin da na karɓa a zauren nan guda ɗaya ne, na Dokta: akwai zanen da ido ba ya iya gani sai bayan mintoci. Sauran duk labarin rayuwar masu zanen ne, kurkuku da ciwo da kaɗaici. A cire labarin a ga nawa za su rage. Kuma har yanzu ba wanda ya ce uffan a kan ɗaruruwan masu kwaikwayo na yau, da ke shafa ruwan toka a ƙyalle da rana ɗaya, su kira shi tsagaitawa, a rataye a harabar otal da ofisoshin banki.

Maiburushi: A kan waɗannan ba mu da saɓani. Sun cika kasuwa, kuma da yawansu don hoton waya aka yi su, su dace da launin kujera. Gwajina mai sauƙi ne: ka ba shi minti biyar. Na gaske yana ƙaruwa, na bogi yana raguwa. Amma a ce don akwai na bogi babu na gaske, wannan ban yarda ba. Pierre Soulages ya koma baƙi zalla a 1979 ya zauna a kai har ya rasu a 2022 yana da shekara 102. Yana tsaga fentin ne da burushi da wuƙar shafe, haske ya faɗa cikin tsagin, ka taka ɗaya gefe zanen ya zama wani. Ban san komai game da rayuwarsa ba ranar da na fara tsayawa gaban aikinsa, kuma sai da mai gadi ya ce za a rufe.

Bintalle: Gidajen nunin su ma bakinsu biyu. Suna wa'azin a tsagaita, amma ɗakunan madubi na Yayoi Kusama, mai zanen Japan, layi ake bi, a ba ka minti ɗaya ko ƙasa da haka a ce fito. Kuma sau da yawa ɗakin da ya fi buƙatar wurin zama shi ne ba ko kujera ɗaya.

Zulai_93: Yaya Maiburushi, ina so in gwada irin na Martin a ƙaramar takarda in ji yadda abin yake. Wane fensir zan nema, kuma fenti ake fara sawa ko layi?

Maiburushi: Ki fara da ruwan fenti tsararo sosai, ki bari ya bushe sarai, sannan layi. Fensir mai tauri, 2H ko 3H, kada ki danna. Kada ki yi amfani da dogon rula, gajere ki riƙa matsarwa. In layi ya kauce kada ki goge, ki ƙarasa takardar ki fara wata.

Ummu_Hanan: 3H a kan takarda mai laushi zai huda mata ita, musamman sabon hannu da bai san nauyinsa ba. Zulai, ki fara da HB ki feƙe shi sosai, in hannunki ya zauna kya koma mai tauri.

Maiburushi: HB yana shafewa in gefen hannu ya bi ta kai Hajiya. Sai dai ta sa wata takardar a ƙarƙashin hannunta, ta kuma fara daga sama.